Wa Ya Biya Otal Ɗin Bakin Tafki?

Shafi na 14

Salamu alaikum 'ya'yana da jikokina. Na ga kun kusa cinye juna ɗanye a ƙasan shafin jiya. Wasu na cewa otal ai wurin ajiye haƙarƙari ne, in mutum ya rufe ido, mai tsada da mai araha duk duhu ɗaya ne. Wasu na cewa wanda bai taɓa jan tsohuwa mai ciwon gwiwa cikin ranar Florida ba ya yi mana shiru. Ni dai ban ce komai ba. Ku gyara zama.

Ke da kika shigo yau, matso ki ji. Earline maƙwabciyata ce a Macon, nan jihar Georgia ta Amurka. Mijinta Otis shekara shida ke nan da ya kwashe kayansa ya koma ɗakin saman garejin ƙaninsa. Babu saki, babu zama. 'Yarsu Renita ce ta haɗa su tafiyar nan da ƙyar, don 'yarta Nyla ta ce ita a bikin cikarta shekara bakwai ba ta son komai sai a kai ta babban filin wasannin yara na Florida da Kaka da Papa duka biyun. Addu'ar Renita ɗaya ce: a je a dawo ba tare da ɗaya daga cikin tsofaffin nan ya yi fushi ya kama hanyar gida ba. Ta kama ɗaki uku a ƙaramin otal na bakin titi, kowa da nasa. Ana gab da tafiya sai matar cocinsu mai shirya tafiye-tafiye ta bugo, ta ce an sauya musu masauki zuwa babban otal ɗin bakin tafki na cikin filin, an biya, wanda ya biya kuma ya ce a rufa masa asiri.

To ga su sun iso.

Tun daga bakin ƙofa Otis ya fara. Wani ma'aikaci ya miƙo hannu zai karɓi makullin mota a wajen Darnell, mijin Renita.

"Me yake so?" in ji Otis.

"Ajiye mana motar zai yi, Mista Otis."

"Hannunka ya karye ne? Kai ka tuƙo ta tun daga Macon, sai ajiyewar ce ta gagare ka?"

"Haka ake yi a nan."

"Haka ake tatsar mutane a nan, za ka ce."

Ya sunkuya ya jawo shuɗiyar kularsa daga bayan mota, ya rungume ta kamar jariri. Dukkansu suna sanye da ankon riguna ruwan ɗorawa da sunan Nyla a gaba. Ta Otis ta matse shi a tumbi.

Renita ta yi ƙasa da murya. "Dadi, don Allah ka bar kular nan a mota."

"Kazar da na soya da hannuna? In bar ta, in je in sayi burodi ɗaya a kuɗin tayar mota?"

Earline ta sauko a hankali tana dogara sandarta. Ba ta ko kalle shi ba. Dama tun da ya bar gida ba ta yi masa magana kai tsaye, sai dai ta aika.

"Renita, gaya wa ubanki ya daina ihu, ba kasuwar gwanjo muka zo ba."

"Dadi, Mama ta ce…"

"Na ji ta. Kunnena ƙalau."

Suka shiga. Sanyi ya buge su, ga ƙamshi, ga ruwa na zubowa daga jikin duwatsu a tsakiyar falon. Nyla ta saki baki.

"Papa, a nan za mu kwana?"

"Haka aka ce, 'yar gidana. Ko da yake ni ban ga abin da ya fi wancan ba." Ya juya wajen Darnell. "Wancan akwai gado?"

"Akwai."

"Akwai ruwan wanka?"

"Akwai."

"Har karin kumallo kyauta suke bayarwa. To me ya rage?"

Darnell mutum ne mai son bayani, ya gyara tsayuwa. "Mista Otis, daga nan jirgin ruwa ne zai ɗauke mu har bakin ƙofar filin. Kuma 'yan otal ɗin nan ake fara buɗe wa, kafin jama'a su cika Nyla ta hau lilon da take so ba layi. In rana ta take, Mis Earline ta dawo ta miƙe ƙafa, da la'asar a koma."

"Wancan ma akwai bas. Kyauta."

Earline ta buga sandarta a ƙasa. "Renita, tuna wa ubanki shekarar da kika suma a layin bas ɗin kyautar, yana yi miki fifita da taswirar filin."

"Ai ta farfaɗo," in ji Otis.

Renita ta ja mijinta gefe ta daka masa harara. "Ji yadda bayani ke zuba a bakinka. Darnell, kuɗin gyaran rufin gidanmu ka kwaso, ko ba haka ba?"

"Na rantse da kabarin kakata ba ni ba ne."

"Bar baiwar Allah ta huta. In ba kai ba wa? Mama fansho take ci. Dadi kuwa ka san shi, sai ya matse kwabo ya yi kuka kafin ya sake shi."

Layi ya zo kansu. Matar da ke bayan teburin karɓar baƙi, an rubuta Marisol a ƙirjinta, ta yi murmushi.

"Sannunku da zuwa. Wane suna?"

"Gaines," in ji Renita.

Marisol ta danna na'urarta. Sai idonta ya buɗe. Ta ɗaga wata 'yar ƙararrawa ta kaɗa.

'Ya'yana, kafin ka ce kwabo ma'aikata sun fito ta ko'ina suna tafi. Ɗaya riƙe da kek, ɗaya da balan-balan masu ruwan zinari. Baƙin da ke zaune a falon suka taya su tafin, ba su ma san me ake yi ba. Nyla ta hau tsalle, ta ɗauka nata ne.

"Barka da cika shekara hamsin da aure!"

Wata ta matso ta maƙala wa Earline wani ƙaton bajo a riga, ta maƙala wa Otis irinsa.

Earline ta dubi bajon. Ta dubi kek ɗin. "Auren wa?"

"Kuskure ne," in ji Otis da sauri. "Wasu Gaines ɗin ne. Sunan ya yi yawa a Georgia."

Marisol ta dafe ƙirji. "Mista Gaines! Ai kana buɗe baki na gane muryar. Ni ce Marisol, ni kake samu a waya."

"Ban san ki ba, yarinya."

"Haba yallaɓai. Ka kira ka tambayi rangwamen tsofaffi, na ba ka. Ka sake kira ka tambayi na tsofaffin sojoji, na ba ka. Ka kuma kira ka ce ko akwai na masu hawan jini."

Darnell ya toshe baki da hannu.

"Sai na tambaye ka ko akwai bikin da kuke yi. Ka ce, shi ma ana rage kuɗi? Kafin in amsa ka ce ran Asabar ɗin nan kai da madam za ku cika shekara hamsin. Har ka ce min ranar aurenku ruwa aka yi, ta riƙe takalmanta a hannu ta shiga coci."

Renita ta juya ta dubi ubanta.

Duk mai zuwa irin wuraren nan ya san ba a faɗa musu biki sai in kana son duniya ta ji. Bajon nan in ka maƙala shi, mai shara ma sai ya tsaya ya yi maka barka. Amma Otis duk zuwansa a bakin titi yake kwana, ina zai sani?

"Dadi," in ji Renita. "Kai ne?"

Otis ya sauya wa kular hannu. Ya ƙura wa ruwan da ke zubowa daga duwatsu ido kamar shi ya zo gyarawa.

Marisol ba ta lura ba, murna take. "Kuma muna da kyauta. Ɗakuna biyun da ka kama muku kai da madam mun soke su, mun ba ku babban ɗakin sama mai kallon tafki. Ba ƙarin ko sisi."

"A mayar da biyun," in ji Otis.

Murmushinta ya ragu. "Ayya yallaɓai, an riga an ba wasu. Otal ya cika."

Earline ta cire bajon a hankali ta ajiye a kan teburin.

"Renita, nemo min bas ɗin da ke zuwa Macon."

"Mama…"

"Yau ɗin nan."

Nyla ta daina tsalle. Ta dubi kakarta. "Kaka, ba za ki hau jirgin ruwan ba?"

Earline ta daɗe tana kallon yarinyar. Ta ja numfashi.

"Darnell, kai ta ta ga jirage. Renita, karɓi makullin. Ba a gaban jama'a aka haife ni ba, ba kuma a gabansu zan yi magana ba."

Darnell ya kama hannun Nyla. Da zai wuce ya raɗa wa matarsa, "Ina jiran ban-haƙurina."

"Ka ci gaba da jira."

Su uku suka hau sama.

Renita ta buɗe ƙofar. Ɗaki ne har da falonsa. Gado ɗaya, ƙato, an watsa masa jajayen furanni, an naɗe tawul biyu kamar agwagi suna haɗa baki. Labule a buɗe, tafki shimfiɗe a ƙasa, can ƙetare ga lilo na juyawa.

Otis ya leƙa gadon. "Furannin nan su ma kyauta ne, ko za su…"

"Otis."

Ya tsaya cak. Renita ma ta tsaya. Rabon da uwarta ta kira sunan nan a gabansa har ta manta.

"Ajiye kular nan ka dube ni."

Ya ajiye.

"Ina ka sami kuɗi?"

"Suna nan."

"Bashi ka ci?"

"Ni? Allah ya kiyaye. Suna nan, Earline. Dama can suna nan, ba su taɓa zuwa ko'ina ba."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Ashe suna nan. Ranar da aka bugo daga Detroit ma suna nan ke nan."

Otis ya sunkuyar da kai.

Renita ta dubi wannan ta dubi wancan. "Wace rana? Ranar rasuwar Anti Lucille? Mama, ai kin ce min kujera kuka rasa a jirgi."

"Haka na ce miki. Ban so ki dubi ubanki da irin idon da nake dubansa ba." Earline ta zauna a bakin gado, furanni suka zube ƙasa. "Kujera akwai. Asibiti suka ce in ina son ganin yayata da rai in taho yanzu. Ubanki ya duba kuɗin jirgi ya ce fashi ne da rana tsaka. Ya ce mota ta fi, in muka yi sammako za mu isa. Muna Ohio, saura kaɗan mu isa, yana zaga gidajen mai yana neman wanda ya fi araha, wayata ta yi ƙara."

Renita ta dafa bango.

"Ita ta goya ni," in ji Earline. "Ita ta ɗinka min rigar auren da yake ba wa baƙuwa labari a waya. An ce har ƙarshe ƙofa take kallo."

Daga ƙasa jirgin ruwa ya yi hon.

"Shekara shida ban ji ka ce komai ba. Ka gyara min famfo, ka yanke min ciyawa in na tafi coci, ka ajiye tumatir a bakin ƙofa kamar ɓarawon da ke mayar da kaya. Yanzu kuma ga agwagin tawul. Ka ɗauka ɗaki mai tsada zai biya min Lucille?"

"A'a."

"To na mene ne?"

Otis ya cire hularsa yana murza ta. "Gwiwarki ce. Ina ganin yadda kike sauka matakalar coci, ɗaya-ɗaya, kina yi kamar gaisawa kika tsaya yi. Na ce in aka tsayar da ke layin bas cikin ranar nan, yini ɗaya za ki yi ki kwanta. Yarinya ta yi biki babu kakarta. Nan kuwa an ce daga ɗaki sai jirgi, daga jirgi sai ƙofa."

"To masifar da kake yi mana tun daga Macon fa?"

"In na yi shiru ai za ku gane ni ne."

Dariya ta kufce wa Renita cikin hawaye. Earline ba ta yi ba, amma gefen bakinta ya motsa.

Otis ya matso taku ɗaya. Murya ta sauya masa.

"Ba abin da zai biya Lucille. Na sani. Kullum na sani. Na hana ki ganin 'yar'uwarki saboda son kuɗi, ba don babu ba. Na kasa faɗa ne, don in na faɗa ya tabbata. Shi ya sa na gudu saman gareji, ba ke kika kore ni ba, kunya ce." Ya ɗago ya dube ta. "Na yi laifi, Earline. Ki yafe min."

Ta miƙe da sandarta, ta tura ƙofar baranda ta fita. Iska ta shigo. Ta zauna a kujerar da ke wurin tana kallon ruwa.

Renita ta bi ta ta leƙa. Can ƙasa a bakin gaɓa ga 'yar riga ruwan ɗorawa tana ɗaga hannu biyu sama, Darnell na nuna mata barandar.

Earline ta ɗaga mata hannu.

"Mama," in ji Renita a hankali, "in nemo bas ɗin?"

"Wane bas? Kin ga na yi miki kama da mai shiga bas yau?"

Renita ta runtse ido ta ce na gode Ubangiji a ranta.

"Wurin dai da kyau," in ji Earline, kamar da tafkin take magana. "Ba zan yi ƙarya ba."

Otis ya leƙo kai. "Ya ci kuɗinsa ke nan?"

"Kar ka ɓata, Otis."

"Na yi shiru."

"Doguwar kujerar falon nan ta ishe ka. In na ji minshari, kai da agwaginka a baranda za ku kwana."

"Na yarda."

"Jawo kular nan. Yunwa nake ji."

Wayyo 'ya'yana, da kun ga tsoho da gudu. Ya buɗe kula, ya zaɓo cinya, don ya san ita take so, ya naɗe ƙashin da takarda ya miƙa mata da hannu biyu. Ta gatsa. Ta tauna.

"Gishiri ya yi yawa."

"Hannuna ne ya zarce."

"Dama kullum zarcewa yake. Shi kaɗai ne abin da ba ka maƙo da shi."

Ta cinye tas. Ta miƙa hannu ya ba ta ta biyu. Shi kuwa ya zauna a kan kular, ga kujera a gefenta amma bai yi gigin hawa ba. Renita ta jingina da ƙofa tana kallonsu, tana jin kamar an sauke mata dutse daga ka. Har ta fara lissafin yadda za ta ba wa Darnell haƙuri ba tare da kansa ya kumbura ba.

Earline ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

"Tunda yau ranar tone-tone ce, ni ma ina da tawa. So na yi sai an gama bikin yarinya, amma gara ku ji."

Otis ya ɗago.

"Na kama gida a Detroit, kusa da 'ya'yan Lucille. Ƙarshen watan nan zan tashi. Gidan Macon kuma na sa a nemo masu haya."

"Mama!" Renita ta saki ƙofar. "Yaushe? Ba ki gaya wa kowa ba?"

"Ga shi na gaya muku."

Otis ya dubi hannuwansa. Tsohon da tun safe bakinsa bai huta ba, yanzu kalma ɗaya ta gagare shi.

Da ƙyar ya ce, "Detroit akwai sanyi. Gwiwarki…"

"Akwai na'urar ɗumama ɗaki."

"Wa zai kwashe miki ƙanƙara a bakin ƙofa?"

"Bene ne, akwai masu yi."

Ya sake murza hular. Ya share murya.

"Gidan Detroit ɗin… ɗaki nawa ne?"

"Biyu."

"Ɗayan fa?"

Earline ta juyo ta dube shi sosai, ido cikin ido.

"Akwai wanda ya riga ka tambaya."

Wane ne kuwa, 'ya'yana, sai mun haɗu a shafi na 15.